Gwangwanin Sallau

Sau uku na yi wa kaina alkawari,
sau uku na yafe wa kaina.
In mai bin bashi da wanda ake bi
suna kwana cikin riga ɗaya,
ƙarar ba ta isa gaban alƙali.

Likita a Sheffield ta juyo min fuskar kwamfuta,
ta ce sukari ya hau,
ta ce shekara goma sha ɗaya kan kujerar tasi
ba ƙaramin zama ba ne.
Na ce to. Na sayi takalmin gudu.
Wata biyar yana ƙarƙashin gado
da takardar farashinsa a maƙale.

Sai wata Juma'a, bayan an sauko,
a shagon askin Sallau da ke Burngreave,
bakina ya riga hankalina.
Na zaro fam ɗari uku na dire kan tebur
gaban Tanko, gaban Barau,
gaban yaron da ke share gashi.
Na ce duk asubar da ban zaga lambun Abbeyfield ba
a cire ashirin, a sayo tsire,
ku ci ina kallo.
Sallau ya cusa su a gwangwanin madara,
ya rubuta sunana da jan biro,
ya ce, Allah ya sa ka makara.

Nuwamba ta zo da ruwanta mai tsinin allura.
Ƙarfe shida, gari kamar cikin tulu.
Bargo malami ne, ya iya fatawa:
jiki ma yana da hakki a kanka,
gobe ma rana ce.
Har na fara gyaɗa kai,
sai in hango leɓen Barau yana ƙyallin mai,
in ji ƙafata ta sami takalmi da kanta.

Wata Talata na faɗi.
Ba ciwo, ba baƙo, barci ne kawai mai daɗi.
Da yamma suka baje takarda a tsakar shago.
Tanko ya yi bisimilla da ƙarfi don in ji.
Barau ya lashe yajin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya,
ya tambaye ni ko likita ta hana albasa.
Ba ashirin ɗin ce ta ci min rai ba,
takardar tarar fakin ta sha cin fiye da haka.
Yaron nan ne mai tsintsiya
da ya sunkuyar da kai yana jin kunya a madadina.

Akwai kuma Dorin, tsohuwar gida mai lamba tara,
da karenta mai ɗingishi.
Ba ta san zancen gwangwani ba.
Mun fara da ɗaga hannu,
sai ta koma tsayawa bakin ƙofar lambu
tana duba agogo.
Ranar da na yi jinkirin minti goma
ta ce ta ɗauka mutuwa na yi.
Tun daga nan, ko da kuɗin sun ƙare,
da wace fuska zan bar tsohuwa cikin ruwa?

Maris ya kama. Ɗamarar wandona ta nemi sabuwar huda.
Likita ta dubi lamba, ta dube ni, ta sake dubawa.
Sallau ya buɗe gwangwani gaban shaidu:
ɗari biyu da sittin.
Ta biyun ba zan faɗi dalilinta ba.

Na ƙirga su, suna ƙanshin madara da man aski.
Na tuna da wanda nake kwana riga ɗaya da shi,
mai saurin yafiya, mai yawan gobe.
Na tura wa Sallau kuɗin.
Na ce, mayar, rufe.
Barau ya ce wannan karon a sa kilishi.